Yaron da Babu Sunansa a Rajista: Lacca kan 'Ya'yan 'Yan Gudun Hijirar Siriya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da zuwa.

Da an ambaci yaran Siriya da ke gudun hijira, tanti da sanyi da yunwa ne ke faɗo wa mutum a rai. Duk gaskiya ne. Amma ni yau a kan takardar haihuwa zan tsaya, don ba a cika ɗaukar hotonta ba.

Tun ɓarkewar yaƙi a 2011, an haifi ɗaruruwan dubban yara a Turkiyya da Labanan da Jodan. Sashe na 7 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, cewa ya yi a yi wa jariri rajista da zarar ya zo duniya, ya sami suna da ƙasa. To ku ji yadda ake yi a Labanan. Uba zai karɓi shaida daga asibiti ko wurin ungozoma, ya kai wa mai unguwa ya buga hatimi, ya wuce ofishin rajista na yanki, sannan ofishin rajistar baƙi. In shekara ta zagayo bai yi ba, sai kotu, ga kuɗin lauya. Don Allah, mutumin da takardar zamansa ta ƙare, yana fargabar shingen sojoji a hanya, yaya zai yi wannan zirga-zirgar? Sai a 2018 gwamnati ta yafe wa'adin ga yaran da aka haifa tun daga 2011.

Wani ƙullin kuma daga gida yake. A dokar Siriya, ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa. Mace ta yi aure a sansani, malami ya ɗaura, shaidu sun shaida, amma ba a rubuta a hukumance ba. Miji ya rasu ko ya ɓace. A addini ɗan halas ne, babu ja. A ofis kuwa ba a san da shi ba. Irinsu ne za ka tarar suna tonon dankali a gonakin kwarin Beka na Labanan, shekarun makaranta na wucewa. Wa zai kai ƙarar mai gona, alhali ba abin da ke nuna shekarun yaron?

Mu ma kada mu ga kamar nesa ne; a tambayi 'yan'uwanmu da suka haihu suna gudun hijira a sansanin Minawao na Kamaru ko a Diffa ta Nijar.

Bayan faɗuwar gwamnatin Assad a Disambar 2024 iyalai da dama sun fara komawa, kuma tun daga bakin iyaka ake tambayar takardar yaro, haka ma ranar sa shi makaranta. A nan zan dakata, mu ji tambayoyinku.