Lacca: An Rubuta Siobhán, Ana Kira Shivon

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke kusa da ƙofa ya taimaka ya turo ta, iskar Dublin ba ta da wasa.

Maganarmu ta yau a kan sunayen gargajiya na mutanen Ailan ce, musamman ga gidajen da aure ya haɗa, uwa Bahaushiya uba ɗan ƙasar nan, ko uba namu uwa tasu, haihuwa ta matso, dangin can suna so a sa wa jariri sunan kakarsu, kai kuma ka dubi sunan a takarda ka rasa ta inda za ka kama shi. Abubuwa huɗu zan taɓa: rubutu, lafazi, ma'ana, sai takardun hukuma.

Na farko, rubutu. Ku cire wa ranku cewa rubutun nan hargitsi ne. Ba hargitsi ba ne, yana da ƙa'ida, har ya fi na Turanci tsayawa kan ƙa'idarsa. Matsalar ita ce muna karanta shi da idon Turanci ko idon boko. Harshensu, Gaeilge, haruffa 18 ne da shi a asali. Babu k, babu v, babu w, babu j, babu z. Amma sautukan k da v da w suna nan a bakinsu. To yaya za a rubuta su? Dole a yi dabara.

Ku fara da c, don nan Bahaushe yake fara faɗuwa. A wurinmu c ita ce ta "ciki" da "cokali". A wurinsu c a farkon suna k ce. Cian, Kiyan ne. Ciarán, Kiron. Cillian Murphy, ɗan fim ɗin nan da ya ci kyautar Oscar a 2024, Kiliyan ake kiransa, ba Ciliyan ba.

Sai h. Yauwa, nan nake so ku ba ni hankalinku. In kun ga h a bayan wani baƙi, ba harafi ne mai zaman kansa ba, alama ce cewa an sassauta baƙin da ke gabansa. A tsohon rubutunsu ma ɗigo ake sawa a saman harafin, daga baya da aka koma haruffan bugu irin na kowa sai aka maye ɗigon da h. Saboda haka bh da mh suna zama v ko w. Th tana zama h. Fh ba a furta ta ko kaɗan. Dh da gh a tsakiyar suna ko ƙarshensa galibi narkewa suke cikin wasali. Mu gwada. Niamh: mh ta zama v, Niv ke nan, a ɗan ja i ɗin. Cathal: c ta zama k, th ta zama h, Kahal. Fiadh: dh ta narke, Fiya. Tadhg, wanda yake tsorata mutane, Taig ne kawai. Sadhbh, haruffa shida, wasali ɗaya tak, Saiv. Hajiya na ga kina girgiza kai, maimaita, Saiv. Kin ga kin iya. (dariya)

Ban gama da wannan ba, don akwai ta biyun da ta fi daɗi. Wasulansu gida biyu ne: e da i sirara ne, a da o da u masu faɗi. Kowane baƙi yana da lafazi biyu, ya danganta da maƙwabcinsa. Ɗaliban firamare a nan suna haddace ta kamar karatun allo: caol le caol agus leathan le leathan, siriri da siriri, mai faɗi da mai faɗi. Ma'ana baƙin da ke tsakiyar kalma, wasulan da suka sa shi a tsakiya su zama 'yan gida ɗaya. Shi ya sa kuke ganin wasula sun yi cunkoso a suna. Da yawansu ba furta su ake ba, 'yan rakiya ne, aikinsu su gaya maka yadda za ka furta baƙin. Misali mafi sauƙi s: in ta jingina da e ko i, sh ce. Seán, Shon. Aisling, i ɗin nan ba a jin ta, ta zo ne ta mai da s sh, Ashling. Oisín, Oshin. Róisín, Roshin. Gráinne, i ta sirantar da nn ta koma ny, Gronya. In kuka ga aoi a jere, i ce doguwa: Aoife, Ifa. Yanzu ku haɗa da kanku: Siobhán. S da i, sh. Bh, v. Shivon. Wallahi wanda ya riƙe waɗannan biyun, h da wasulan rakiya, zai karanta mafi yawan sunayen da ke rajistar makarantar 'ya'yansa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na uku... a'a, na biyu ko? Lafazi. Kada wani ya ce muku lafazi ɗaya ne daidai. Karin harshe uku ne manya: na Munster a kudu, na Connacht a yamma, na Ulster a arewa, kamar dai Sakkwatanci da Kananci. Caoimhe, mutumin Donegal a arewa zai ce Kiva, na Kerry a kudu ya ce Kwiva, kowa da gaskiyarsa. Saoirse ana cewa Sirsha, 'yar fim Saoirse Ronan kuwa nata ya fi kusa da Sarsha. Ku bi karin dangin da sunan ya fito daga cikinsu. Akwai shafin abair.ie na jami'ar Trinity, ka rubuta sunan, ka zaɓi karin harshe, ya karanta maka.

Ga gwajin da za a yi kafin ranar suna. A rubuta sunan a takarda, a miƙa wa mutum uku da ba su taɓa jin sa ba, a ji yadda za su karanta. Abin da suka faɗa shi yaron zai riƙa gyarawa a asibiti da filin jirgi. Sannan a kira kaka a gida ta waya a faɗa mata. Hausa ba ta da v, don haka Niamh za ta koma Nib, Siobhán ta koma Shibon. Ifa da Fiya da Oshin kuwa sumul suke shiga bakin Bahaushe. Fiadh ɗin ma ita ce ta ɗaya a sunayen 'ya'ya mata da aka yi wa rajista a ƙasar nan a 2021.

Af, na tsallake abin da suke kira fada, wannan ɗan karan da ke kan wasali, á é í ó ú. Jan wasali yake nunawa, kuma yana canza ma'ana. Seán suna ne, sean tsoho. Órla gimbiyar zinariya ce, orla ba kara kuwa amai ne. (dariya) Mu ai mun san zafin wannan. Cire lanƙwasar ƙasa ka samu kasa, ɓari ya koma bari. Yadda Ɗanjuma yake komawa Danjuma a fasfo, haka Órla take asarar ɗan karan nata.

Wannan ya kai mu takardu, zan yi sauri. Wata uku doka ta bayar a yi wa haihuwa rajista. Kafin ka bar ofis ka duba takardar harafi-harafi, don gyara daga baya wahala ce. Dokar harsunan hukuma da aka yi wa gyara a 2021 ta ɗora wa ma'aikatun gwamnati su iya rubuta suna da karansa. Amma layuka biyun nan na ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar kara, don haka a tikitin jirgi a rubuta sunan yadda yake a layukan. Kuma a tsaya kan rubutu ɗaya. Tun daidaita rubutun da aka kammala a 1958 sunaye da yawa suna da dogo da gajere: Meadhbh da Méabh, Órfhlaith da Órla, Ruaidhrí da Ruairí. Gajeren ma na gargajiya ne, bai rage komai ba.

Ma'ana kuma... na'am, Malam, ga hannu can.

Tambaya: Malam, akwai sunayensu da suka yi daidai da namu na annabawa, yadda kowane ɓangare zai gamsu?

Akwai, kuma tambaya ce mai kyau. Seán shi ne Yahaya, ko Yohanna. Ta bakin Normawa masu jin Faransanci ya shigo, waɗanda suka sauka ƙasar nan a 1169, kuma Siobhán ita ce ta macen. Seosamh, Shosav, Yusuf ne. Éabha, a ce Eva, ita ce Hauwa'u. Kada a rikita ta da Aoife, asalinsu daban. Aisling kuma ba A'isha ba ce ko da kunne ya ji kama, ma'anarta mafarki. Maryam ita ce Máire, Moira za ka ji ana faɗa. Amma a kula, suna da Muire, wannan sun keɓe shi ga mahaifiyar Annabi Isa kaɗai, ba a raɗa wa yarinya shi. Wanda kuma yake kaffa-kaffa da asalin suna, ya bincika kafin ya zaɓi irin su Áine da Bríd, don sunayen abubuwan bautarsu ne na kafin Kiristanci, ko da yake Bríd ta zama sunan waliyyiyarsu ta Kildare daga baya. Sannan Malam, in ka sa Máire, ka ji kakarta ta wannan ɓangaren tana kiran "a Woira" ko "a Voira", kada ka ce ta ɓata sunan. A harshensu in za a kira mutum farkon sunansa sassautawa yake, a rubuta a Mháire. Mh ɗin nan ce dai ta ɗazu.