Gina shafin intanet da kayan aiki na kyauta, daga nan Damagaram

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau magana ce ta wanda bai taɓa gina shafin intanet ba kuma yana so ya fara, ko baduku ne kai a Birni kana son mutanen Yamai da Kano su ga jakunkuna da takalman da kake ɗinkawa, ko ɗalibi a jami'ar André Salifou, ko hajiya mai sayar da turaren wuta daga cikin gida. Kayan aikin da za mu nuna duk kyauta ne, kuma mafi yawansu lasisinsu ya yarda ka kwafa ka ba wani, wato idan abokinka ya riga ya sauke su, ka kai masa kile ya zuba maka, ba sata ba ce, ba ka karya dokar kowa ba, kuma forfenka yana nan bai taɓu ba.

To abu na farko da nake so ya zauna muku a kai shi ne, ba sai da rezo ake gina shafi ba. Mutane da yawa suna fara biyan kuɗin masauki, wato wurin da ake ajiye shafi a intanet, na shekara guda tun ba su rubuta ko layi ɗaya ba, wata uku ya wuce shafin yana nan fayau. A'a malam. Ka gina shi cikin kwamfutarka tukuna. Ka samo XAMPP, manhaja ce da take mayar da kwamfutarka ƙaramar saba, wato na'urar da ke riƙe shafi tana nuna shi, a ciki akwai Apache da PHP da MariaDB, ba sai ka san aikin kowanne yau ba, kawai ka danna Start a gaban Apache da MySQL, wato MariaDB ɗin, su zama kore. Sai ka sauko da WordPress, manhajar gina shafi, daga wordpress.org, ka warware zip ɗin cikin jakar da ake kira htdocs, ka shiga phpMyAdmin da ke cikin XAMPP ɗin ka buɗe rumbun bayanai sabo ka ba shi suna, sannan a burauza ka rubuta localhost da sunan jakar WordPress ɗin. Shi ke nan shafi ya tashi, kai kaɗai kake ganinsa, ka ɓata ka gyara ka sake ɓatawa ba wanda ya sani, ko kuran ya ɗauke in dai batirin kwamfutar na da rai aiki bai tsaya ba.

WordPress ɗin nan tun 2003 yake, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi, yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke zaune, don haka duk matsalar da ta same ka wani ya riga ya shiga ya fita, kuma akwai shi da Faransanci tsaf. Amma ku kula, wordpress.org daban, wordpress.com daban. Na biyun kamfani ne da yake ba ka masauki, yana da tsarin kyauta amma da iyaka, kuma sunan shafinka zai ɗauko wutsiyar sunansu.

Ni a nawa ganin ma, in shafi uku ko huɗu kawai kake buƙata, su wane ne mu, ga kayanmu, ga inda shagon yake, ga lambar WhatsApp, WordPress ya yi maka yawa. Ka koyi HTML da CSS kaɗan, harsunan da ake rubuta shafi da su, ka rubuta da Notepad++ ko VS Code, mai portabul kawai kuma akwai Acode a Android, sai ka ɗora a GitHub Pages, masaukin kyauta ne ga irin wannan shafin marar rumbun bayanai, kuma ba abin da ɗan kutse zai samu ya fasa sosai. Shafin MDN na Mozilla na da darussa da Faransanci, can za ka koya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, hotuna. Wallahi nan ne sababbin shiga suke kashe shafinsu da hannunsu. Hoto ɗaya da ka ɗauka da portabul yana iya kai mega 3, wani har 5, ka jera goma a shafin farko ka ga mega 40 kenan, shi kuma mai sayen da kake jira yana Mirriya ko Tanut da rezo sanda biyu da forfen da ya saya na yini, shafin zai riƙa jan jiki kamar amalanken jaki da aka lafta wa buhunan gero cikin rairayi, kafin hoto na uku ya buɗe mutumin ya fita kuma ba zai dawo ba. Maganin ba wuya. Buɗe hoton a GIMP, ka yanke gefen da ba ka buƙata, ka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, ka fitar da shi a WebP ko JPEG. Ko ka shiga Squoosh a burauza, ka ja hoton ka saka, yana nuna maka na da da na yanzu gefe da gefe kana matsa ingancin har ka ga inda ido bai gane bambanci ba. Hoton jakar fata da na yi wa haka, ɗinkin duk yana fita, amma nauyin ya sauko ƙasa da kilobayit 200. Tambarin shago kuma da Inkscape ake zana shi, ko ka faɗaɗa shi ya kai girman allon talla ba ya dushewa. Bidiyo kuwa kada ka ɗora shi kai tsaye, sa shi a YouTube ka kawo mahaɗin.

Ranar da shafin ya yi maka, nan ne kuɗi zai fita, sunan yanki, wato adireshin shafin, da masauki. Suna mai .com wajen jaka bakwai zuwa goma ne a shekara, na ƙasarmu kuma .ne ne. FileZilla ita ce za ta kwashe fayilolin daga kwamfutarka zuwa masaukin, ka zaɓi SFTP, hanyar tura fayil mai tsaro, in sun ba da shi. Ɗan kwaɗon nan da wasu burauza ke nunawa kusa da adireshi, wato https, kada kowa ya caje ka a kansa, Let's Encrypt na ba da shi kyauta kuma yawancin masaukai suna sabunta shi da kansu.

Kula da shafi bayan ya hau, wannan ne mutane ke mantawa. Mai WordPress, duk sati ka leƙa ka sabunta shi da filogin ɗinsa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, amma kafin ka danna sabuntawa ka ɗauki kwafi da UpdraftPlus ya tura maka Google Drive, ka kuma ajiye ɗaya a kile, don masauki na iya rufewa ko ka makara biya. Filogin kaɗan sun isa. Kuma don Allah jigogin kuɗi, wato shiryayyun tsarin kamannin shafi, da ake rabawa wai an fasa su a guruf-guruf na Telegram, ku bar su, sau da yawa da ɓoyayyar ƙofa suke zuwa, wata rana ka tashi ka ga shafin turarenka yana tallar caca. Kalmar sirri ma kada ta zama lambar wayarka, KeePassXC ko Bitwarden za su ƙirƙiro mai ƙarfi su riƙe maka.

Sai masu rubutu da Hausa. Idan ka ga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sun koma akwati-akwati ko alamar tambaya, ka duba saman fayil ɗin HTML ko akwai layin charset UTF-8, wato <meta charset="UTF-8">, in babu ka saka shi. In yana nan kuma har yanzu harafin na fita a karkace daban da sauran, to salon rubutun ne ba shi da su, canza zuwa Noto Sans ko Andika, ka sake buɗe shafin a portabul ɗin wani ka gani.