Furen hunturu da Sinawa ke ajiyewa don bazara

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da muryata, mura ce ta sa ni gaba. Yau ina birnin Chongqing na ƙasar Sin, watan Janairu, sanyi har cikin ƙashi.

Ku dubi reshen nan da na sayo a bakin titi. Ko ganye ɗaya babu, sai ƙananan furanni rawaya masu sheƙi kamar an shafa musu kakin zuma. Kai, da ma waya na ɗaukar ƙamshi! Sunansa "lamei". Wasu sun ce sunan ya fito ne daga kalmar kakin zuma a harshensu, wasu sun ce daga wata na 12 na kalandarsu ne, lokacin da yake fure.

Tsohuwar da ta sayar mini ta ji ina tari, sai ta yi ta nuna maƙogwaronta tana nuna furen. Ashe waɗanda ba su gama buɗewa ba ake tsinka a shanya, a jiƙa a ruwan zafi a sha don tari da kaushin maƙogwaro. Wasu kuma a mai suke jiƙa shi, su shafa a ƙuna.

Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Shahararren masanin magungunansu, Li Shizhen, a kundin da ya kammala a 1578, cewa ya yi furen na sanyaya jiki, yana kashe ƙishirwar lokacin zafi. Wato cikin hunturu za ka tsinke shi, ka adana, sai rana ta fara gasa mutane ka ɗauko.

To, a nan ku tsaya ku ji ni, don na san halinmu: da an ce abu magani ne, sai a haɗa saiwa da ɓawo da 'ya'ya a tafasa. 'Ya'yan lamei guba ne. Akwai sinadarin kalikantin a cikinsu, yana sa jiki jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko dabbobi bai bari ba. Saiwar ma, da ake sha a lardin Guizhou don ciwon gaɓoɓi, masu ita ne suka san ma'auninta.

Ni dai wannan reshen ado zan yi da shi, don ban san irin feshin da aka yi masa a gona ba. Busasshe na sayo a kantin magani. Ga ruwana can ya tafasa, bari in sauke.