Amsoshin Tambayoyinku: Madubin Hangen Taurari da Kayan Haɗinsa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Tun ranar da muka yi hira kan madubin hangen nesa wasiƙu suke ta shigowa, wasu a takarda, wasu ta WhatsApp. Yau ma muna tare da Malam, wanda ya daɗe yana koyar da kimiyya a sakandare kafin ya yi ritaya ya koma gona. Malam, barka da zuwa, ya hanya?

Malam: Barka kadai, Hajiya. Hanya alhamdu lillahi, sai dai ƙura.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko ta fito daga wani malamin firamare a ƙaramar hukumar Ringim. Ya ce ƙaninsa ya kawo masa madubin hangen nesa tsaraba, a jikin kwalin an rubuta yana ninka abu sau 525. Ya haɗa komai da komai, ya saita wata, bai ga komai ba sai wani farin dishi-dishi yana ta rawa. Yana tambaya, ko dai an cuci ƙanin nasa ne?

Malam: Malam, kwantar da hankalinka, mai yiwuwa madubinka lafiyarsa ƙalau. Lambar da ke kan kwali ce ta ja ka. Na san irin wannan kwalin ciki da bai. Duba jikin bututun, za ka ga an rubuta lamba biyu, ɗaya da harafin D, ɗaya da harafin F. Yawanci a irin naka D 60 ce, F kuma 700. Ita D faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. Ita F nisan da hasken ke tafiya a ciki kafin ya taru wuri guda.

To sai ɗan gilashin nan da ake zurawa a baya a kanga ido a kai, mu kira shi maleƙi. Kowanne da lambarsa a ka. Lissafin ɗan aji huɗu ma zai yi shi: raba F da lambar maleƙi, abin da ya fito shi ne ninkin. Ka sa mai 20, ka raba 700 da 20, ninki 35 ke nan. Ka sa ɗan mitsitsin nan mai 4, ka samu 175. Suka ƙara maka wani dogon bututun roba mai ninka uku, sai ga 525. Ka ga inda lambar ta fito. A lissafi ba su yi ƙarya ba, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mai gabatarwa: To in lissafin daidai ne, Malam, me ya hana shi gani?

Malam: Haske, Hajiya. Ƙofar milimita 60 ɗan haske kaɗan take ɗiba. Kamar ki dama furar mutum biyu ne ki ce sai ta ishi 'yan biki, ai sai dai ki yi ta ƙara ruwa har ta koma tsululu. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce ka ninka D sau biyu, nan ce iyakarka. Mai 60, iyakarsa wajen 120, shi ma sai daren da sama ta yi garau. Duk abin da ya haura haka, girma kawai hoton zai ƙara, ya dushe, ba wani sabon abu da zai bayyana.

Ga kuma wata matsalar. Duniya juyawa take yi. A ninki 525, kafin ka ƙirga ashirin watan ya sulale daga inda ka saita shi, kana taɓa bututun kuma komai ya hau karkarwa. Galileo, mutumin Italiya, da ya hango watanni huɗu suna kewaya Mushtari, wato duniyar Jupiter, a watan Janairun 1610, madubinsa bai wuce ninki ashirin da wani abu ba. Naka ya fi nasa nesa ba kusa ba. Yau da daddare cire dogon bututun nan ka ajiye, sa maleƙi mai lamba mafi girma, ka sake leƙa watan. In ba ka ga ramuka da duwatsu a bakin inda haske ya haɗu da duhu ba, ka sake rubuto mana.

Mai gabatarwa: Wato mai babbar lamba shi ne mai ƙaramin ninki.

Malam: Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Da shi ake farawa kullum.

Mai gabatarwa: Sai wani bawan Allah mai gyaran waya daga Dambatta. Nasa irin mai madubi a gindi ne, D 114, F 900. Ya ce ya tara 'yan kuɗi, wane maleƙi ya kamata ya saya, kuma guda nawa?

Malam: Ɗan'uwa, kafin ka tura wa kowa kuɗi, je ka ari awon tela ka auna bakin ramin da maleƙin ke shiga. In ka samu wajen milimita 32, wannan shi ne inci ɗaya da kwata, shi ne wanda aka fi yi, kuma kaya ba za su yi maka wuyar samu ba. In ka samu 24 da ɗoriya, tsohon yayi ne, sai ka nemi ɗan abin haɗi tukuna. Na ga wanda ya jira saƙo wata biyu, kaya suka iso, maleƙi ya ƙi shiga rami.

Sannan duba harafin da ke jikin waɗanda kake da su. In ka ga H ko SR, tsofaffin ƙira ne masu gilashi biyu kacal. Shi H ɗin sunan Huygens ne, wani masani ɗan ƙasar Holan da ya rayu a ƙarni na 17. Suna aiki, amma kamar kana leƙen tsakar gida ta kafar makulli ne. Wanda nake ba mutane shawara shi ne Plössl, wani lokaci PL kawai ake rubutawa. Gilashi huɗu ne a cikinsa, filin da yake buɗe maka ya kai digiri 50, kuma kuɗinsa bai kai ya hana ka sayen taki ba.

Guda biyu sun ishe ka: mai 25 da mai 10. A naka, mai 25 zai ba ka ninki 36. Da shi za ka ga wata ɗungurungum, da shi za ka kalli Kaza da 'Ya'yanta, ka ga ashe 'ya'yan sun ninka abin da ido ke ƙirgawa sau da yawa. Mai 10 zai ba ka 90, a nan zoben Zuhal, wato duniyar Saturn, zai fito maka sarai, ka kuma ga ratsi biyu a jikin Mushtari. In kuɗi sun yi saura, ƙara Barlow, wato irin bututun nan mai ƙara ninki da muka ambata, amma mai ninka biyu, na kirki mai jikin ƙarfe. Shi zai mai da biyun nan huɗu: 36, 72, 90, 180, duk ba ka tsallake iyakarka ba, tunda taka ta haura 200. Abin da ba na so ka yi shi ne ka sayi mai 20 da mai 10 sannan ka ƙara Barlow, don mai 20 da Barlow ai mai 10 ne, ka sayi abu ɗaya sau biyu.

Akwai maleƙai masu faɗin fili har digiri 82, irin waɗanda ake kira Nagler. Suna da daɗin kallo ƙwarai, amma guda ɗaya yakan fi madubinka gaba ɗaya tsada. Wannan sai ka ce an sa wa jaki sirdin hawan sallah.

Mai gabatarwa: Malam ke nan! Ga wata gajeruwa daga wata ɗaliba a Kazaure. Ta ce tana sa gilashin ƙara gani, in ta leƙa sai ta ga fili ya tsuke, in ta matsa kuma gilashinta ya yi ta bugun maleƙin.

Malam: 'Yata, in matsalar idonki ta gani nesa ce ko ta kusa kawai, cire gilashin, ki murɗa abin saitin a hankali har hoto ya fito, madubin zai yi aikin gilashin. In kuwa irin wadda fitilu ke yi miki wutsiya ce in kin cire, to bar shi a idonki, ki nemi maleƙin da ke ba ido tazarar milimita 15 zuwa 20. Plössl mai 25 yana da wannan tazarar, ƙananansa ba su da ita. In kina son ƙarin ninki, ɗora mai 25 ɗin a kan Barlow.

Mai gabatarwa: Wannan kuma daga wani dattijo ne a wajen Gumel, ya ce jikansa ne ya rubuta masa. Yana cikin masu fita duban wata a garinsu, yana son sanin ko madubi zai taimaka wajen ganin jinjirin watan azumi.

Malam: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar ko ganin da aka yi da na'ura ya isa hujja, wannan ta malamai ce, sanarwa kuma ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa. Ni abin da na sani na gilashi ne. Jinjirin wata siriri ne, yana ƙasa-ƙasa a yamma, ba ya daɗewa. Mai neman sa fili yake buƙata, don haka mafi ƙarancin ninki za a sa. Ni da za a bi ta tawa, madubin hannu mai ido biyu ya fi dacewa da wannan aikin, wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50. Lambar farko ninki ce, ta biyu faɗin gilashin gaba.

Amma Baba, ka ja wa yaran kunne: kada kowa ya ɗaga gilashi ya fuskanci yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Hajiya, ba ni minti ɗaya a kan wannan. Gilashin da ke tara hasken tauraro, haka yake tara zafin rana. Ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙona ido, kuma ba ya dawowa. A wasu kwalayen akan saka wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gindin maleƙi, an rubuta na kallon rana ne. Wanda ya same shi ya jefa a masai. Zafi yakan tsaga shi ido yana kai. Matacin rana na gaskiya a bakin bututu ake rufa shi, ta gaba, kafin hasken ya shiga. Waɗanda suka ga kusufin rana na watan Maris na 2006 a nan arewa za su tuna yadda aka yi ta gargaɗi, wasu suna ƙona gilashi da hayaƙin aci-balbal. Shi ma wannan ba kariya ba ne.

Mai gabatarwa: Allah ya kiyaye. Wani manomi daga Birnin Kudu yana tambaya yadda zai goge ƙura, ya ce hunturu ya sa gilasansa sun yi fari fat.

Malam: Wannan ni ya kamata a tambaya, don na sha. Maleƙina na farko mai kyau, wata shekara cikin hunturu na fito da shi bayan gari, na ga ƙura a kai, na kama hannun babbar rigata na murje shi tas. Da safe na ɗaga shi a haske, sai ga zane-zane kamar kaza ta yi tono. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka murza ta kankare gilashi take yi. Fara hure ta tukuna, ba da baki ba. Sayi sabuwar robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina a kemis, ita ce abin hurawata har yau. Bayan nan ka bi da tsumma mai laushi irin na goge tabarau, a hankali, sai in ya zama dole. 'Yar ƙura kaɗan ba ta hana gani. Ka ajiye su a roba mai murfi, da damina ka jefa 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna tsotse danshi. Kada kuma ka bar madubin a ɗakin kwano da rana tsaka in kana da wurin da ya fi sanyi.

Mai gabatarwa: Lokaci na neman ƙure mana. In ban da maleƙi, me ya kamata mutum ya tanada?

Malam: Mu nan Kano da Jigawa muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka wata da su Mushtari kusan ta tsakar kanmu suke wucewa. Mai madubin da ake leƙawa ta baya, in ba shi da 'yar gwiwar nan mai madubi a ciki, wadda ke karyo hoton sama, sai ya kwanta a ƙasa, wuya ya sage. Ita ce ta farko. Sai ɗan ƙaramin madubin saiti da ke goye a bayan babban: da rana ake daidaita shi, ka nemi kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa, ka sa su biyun su nuna wuri ɗaya. In ƙafafun suna rawa, rataya galan ɗin ruwa ko 'yar jakar yashi a tsakiya. Tocila kuma ka rufe bakinta da jar leda, don ido yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu, farin hasken waya sau ɗaya ya mai da kai farko.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wani yaro daga Rano ya ce maleƙinsa ya lalace, in ya saita Zara sai ya gan ta rabi, kamar an gutsure ta.

Malam: Yaro, maleƙinka garau yake, kai ne ma ka yi sa'a. Hanyar da Zara ke bi tana kewaya rana tana tsakanin tamu da rana, shi ya sa take cika tana raguwa kamar wata. Ka riƙa leƙa ta duk mako kana zana abin da ka gani a bayan littafinka. In da yamma kake ganin ta, za ka ga tana ƙara girma tana sirancewa har ta koma kamar lauje. Ka aiko mana da zanen.

Mai gabatarwa: To madalla, Malam, mun gode, Allah ya maida kai gida lafiya. Mai tambaya daga Hadejia kan ɗaukar hoton wata da waya, wasiƙarka tana hannu, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.