Ƙwacen Waya Ko Ɓatan Waya? Inda Alƙaluman Laifuka Ke Raguwa

Duk sanda 'yan sanda suka ce laifuka sun ragu, sai gardama ta kaure a Facebook, ana cewa ƙarya ake shararawa a taron manema labarai. Jama'a, mai karanta alƙaluman nan abin da aka miƙa masa yake karantawa. In za a yi coge, tun daga kantar caji ofis ake yin sa. Ku dubi kantar nan, ku dubi littafin da ke kanta.

A ce matashi ne ya fito daga Tashar Dukku a Gombe, wasu suka zare masa wuƙa suka ƙwace wayarsa. A doka wannan fashi ne, tunda an tsorata shi da makami. Ya isa caji ofis yana haki. In aka rubuta fashi, ya shiga sahun manyan laifuka. In aka rubuta sata, ya yi ƙasa. In kuwa aka ce masa, "Malam, je ka kotu ka yi takardar rantsuwa cewa wayarka ta ɓata, ka dawo da layinka," shi ke nan, a takarda babu laifin da aka yi. Ba zai ja ba, don asusun bankinsa na jikin layin. Wannan na ƙarshen ne ya fi ci mini rai, domin da hannunsa ya goge abin da aka yi masa.

Daga nan tarawa ce kawai: DPO ya aika hedikwatar jiha, jiha ta aika Abuja.

An sha kama irin wannan a waje. A 2015 jaridar Los Angeles Times ta gano 'yan sandan birnin sun mayar da kusan munanan hare-hare 14,000 ƙananan laifuka cikin shekara 8. A 2014, hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales ta ce kusan ɗaya cikin biyar na laifukan da aka kai musu ba su shiga littafi ba. Inda ake auna shugaban ofis da ƙarancin laifi a yankinsa, alƙalami zai karkata.

Mu kuma da yawa ko kantar ba ma zuwa. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disamban 2024 ya nuna kashi 36 cikin 100 ne kacal na gidajen da aka yi wa fashi suka kai ƙara.

Unguwar da babu laifi a takarda, wa zai tura mata motar sintiri? In kun kai ƙara, ku nemi a karanta muku abin da aka rubuta kafin ku sa hannu.