Lacca: Abin da ƙwaƙwalwa mai rauni ke koya mana

Assalamu alaikum. Ɗalibai da sauran masu sauraro, barkanku da zuwa.

Duk shekara idan na fara wannan darasi sai wani ya ɗaga hannu ya ce, Malam, me ya kai mu ga ƙwaƙwalwar da ta lalace alhali ga lafiyayya? To, lafiyayya ɓoye ɗinkinta take yi. Kana magana, kana tuna jiya, kana gane fuskar ɗan'uwanka, duk a lokaci guda, sai ka zaci abu ɗaya ne ke aiki. Sai rauni ya farke wuri guda kafin ka ga ashe ƙyallaye ne aka harhaɗa.

A 1861 likita Paul Broca ya ga wani mara lafiya a Faris, Leborgne, wanda kusan ba abin da bakinsa ke iya furtawa sai "tan", amma yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka duba, sai ga rauni a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya kawo akasin haka: masu zuba magana ba tangarɗa, amma ba kai ba gindi, kuma ba sa gane taka.

Inda nake so mu daɗe shi ne kan Henry Molaison, wanda littattafanku ke kira H.M. A 1953, yana ɗan shekara 27, farfaɗiya ta hana shi sakat, aka yi masa tiyata a Amurka, aka cire yawancin wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwarsa da ake kira hifokamfus, dama da hagu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama a kansa. Mai binciken ƙwaƙwalwa Brenda Milner ta yi shekaru tana zuwa wurinsa, kullum baƙuwa ce a gare shi. Ku tsaya ku ji nauyin wannan kafin ku rubuta. Mutum ne, ya rayu a haka har 2008.

Da Milner ta tsaya kan abin da ya rasa, da ba mu ƙaru sosai ba. Sai ta nemi abin da ya rage. Ta sa shi ya bi zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Aiki ne mai wuya, ku gwada a gida. Cikin kwana uku kurakuransa suka yi ta raguwa, alhali kowace safiya cewa yake bai taɓa yin aikin ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Ke nan tuna abin da ya faru daban, riƙe ƙwarewa daban.

Amma mara lafiya ɗaya bai isa hujja ba, don wani zai ce ai wancan aikin ne ya fi sauƙi. Sai ka samo wanda matsalarsa ta juya. A 1970 masu bincike Shallice da Warrington a Landan suka ba da rahoton wani mara lafiya da ake kira K.F., wanda da ƙyar yake maimaita lambobi biyu da aka karanta masa yanzun nan, amma yana koyon sabon abu ya riƙe shi. H.M. kuwa yana maimaita lambobin, ba ya ajiyewa. Da ka jera su biyun, batun sauƙi da wuya ya faɗi.

Kuskuren da nake yawan gani a takardunku kuwa, kuma yana damuna, shi ne ku rubuta "nan ne mazaunin magana" don kawai rauni a nan ya kashe magana. Cire wayar batir daga mota, ba za ta tashi ba, amma wa zai ce a cikin wayar tafiya take? Sau da yawa rauni hanya yake tsinkewa tsakanin sassa masu aiki tare.

Ga wanda za ku tafi da shi. A 1978 masu bincike Bisiach da Luzzatti a Italiya suka ce wa marasa lafiya biyu masu rauni a ƙwaƙwalwa ta dama su sawwara suna tsaye a babban dandalin Milan suna fuskantar coci, su faɗi gine-ginen da ke wurin. Suka lissafo na dama, suka tsallake yawancin na hagu. Aka ce su juya, su ba cocin baya. Sai ga gine-ginen da suka tsallake ɗazu, na farkon kuma suka ɓace. Mako mai zuwa kowa ya zo mini da shafi ɗaya: me ya lalace a nan, gani ne, tunawa ce, ko wani abu daban?