Agogon wa manhajarka take karantawa?

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, sannunku da zuwa.

Yau maganarmu a kan lokaci ce. Kwamfuta ba ta san ƙarfe tara ko ƙarfe goma ba, daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, bisa agogon duniya da ake kira UTC. Mu a Nijar muna gaba da UTC da awa ɗaya, rani da damina, ba ma taɓa agogonmu.

To, ga inda ake faɗawa rami. A Python, yaren rubuta manhaja, ka rubuta datetime.now(), ta ba ka ƙarfe da minti, amma ba ta faɗi na wace ƙasa ba ne. Agogon na'urar da shirin yake gudana a kanta kawai ta karanto maka. A ce ka rubuta manhajar rajista da za ta rufe ƙarfe shida na yamma. Ka gwada a nan Damagaram, lafiya lau. Sai ka ɗora ta a kan saba, wato kwamfutar da ke gudanar da manhaja ta intanet, da ka yi haya, wadda aka saita da agogon Faransa. A Janairu ba za ka ga komai ba, don agogonsu da namu ɗaya ne a lokacin sanyi. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris su ƙara awa guda, sai manhajarka ta rufe ƙofa ƙarfe biyar, mutum yana tsaye da takardunsa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin wanda aka rufe wa ƙofa bai yi laifin komai ba.

Saboda haka ku karɓo lokaci da datetime.now(timezone.utc), ku ajiye shi a haka, ku kwatanta shi a haka. Sai za ku nuna wa mutum ne za ku mayar da shi agogon gida da ZoneInfo("Africa/Niamey"), wanda ya shigo Python tun fitowa ta 3.9. In kun gwada wane ya riga wane tsakanin lokaci mai yanki, wato wanda ya faɗi agogon inda yake bi, da marar yanki irin na datetime.now(), Python za ta ƙi, ta jefo saƙon kuskure mai suna TypeError. Kada ku yi mata dabara, gaskiya ta faɗa muku.

Na ga hannu a baya. E, ƙanena, kwatanta lokuta a matsayin rubutu? Kada ka yi. A rubuce, "9:00" ya fi "10:00" girma, don harafin farko ake fara dubawa.

Masu son manhajar lokutan salla kuma, ku kula: agogon Yamai da na Damagaram ɗaya ne, amma rana tana riga faɗuwa a nan da kusan rabin awa, saboda muna gabas. Wannan lissafin wurin da gari yake ne, yankin lokaci ba zai ba ku shi ba.

In kuwa tsawon aiki kuke aunawa, ku ɗauki time.monotonic(), wanda ba ya ja baya, don agogon na'ura yana iya ja baya idan aka gyara shi ta intanet. Yanzu kowa ya kunna kwamfutarsa mu gwada.